Yadda Ake Sa Ido Kan Cutar Fitsarin Ɓera Bayan Ambaliya a Yamai

Ruwan ambaliya yakan janye cikin ƴan kwanaki, amma cutar da ya bari a jikin mutane ba ta fitowa sai bayan mako ɗaya ko biyu, daidai lokacin da asibitocin unguwa suka cika maƙil da masu masassarar cizon sauro. A watan Satumba duk wanda jikinsa ya yi zafi a Yamai palu, wato masassarar cizon sauron, za a ce yana damunsa, kuma galibi haka ɗin ne. Damuwar tana wajen ƴan kaɗan ɗin da ba palu ba ne, ko kuma palu ne haɗe da wani abu. Cikinsu akwai masu cutar fitsarin ɓera, wadda likitoci ke kira leptosipiroz. Maganinta yana da araha, kowace farmasi tana da shi, amma sai an zarge ta da wuri yake yin cikakken aiki. Wanda aka bari har ƙodarsa ta tsaya, ko huhunsa ya fara zubar da jini, ya fi ƙarfin CSI, wato asibitin unguwa.

Bayanin nan na ma'aikatan CSI ne, da ma'aikatan sa-kai na unguwa da ake kira rele, da masu unguwanni, da shugabannin ƙungiyoyin masu garka da manoman shinkafa.

Abin da za a sani kafin a fita

Ƙwayar cutar siririya ce, a murɗe take, tana zama a ƙodar dabba tana fita tare da fitsari. Ɓera yana ɗauke da ita ba tare da ta kwantar da shi ba, yana kuma zubar da ita tsawon rayuwarsa. Shanu, tumaki, awaki, karnuka da aladu su ma suna iya ɗauka. In ta faɗa ruwan kogi, ko kududdufi, ko laka mai danshi, tana iya rayuwa makonni, wani lokaci watanni. Bushewa da zafin rana suna kashe ta, haka sabulu da jabel (ruwan kulorin) da tafasa ruwa. Tana shiga jikin mutum ta rauni, ta faso, ta fatar da ta daɗe a ruwa ta yi laushi, ta ido, hanci da baki. Da wuya ta tashi daga mutum zuwa mutum, saboda haka babu dalilin killace mara lafiya ko gudunsa.

Daga ranar da mutum ya shiga ruwan zuwa ranar da masassara ta kama shi, yawanci kwana 5 zuwa 14 ne, amma tana iya fitowa a kwana 2, tana iya jinkiri har kwana 30. Wajen mutum tara cikin goma suna samun mai sauƙi. Sauran su ne take kama wa hanta da ƙoda da huhu. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2015 ya ce tana kama kusan mutum miliyan ɗaya a duniya kowace shekara, tana kashe wajen 59,000.

An daɗe ana ɗaukar ta cutar ƙasashe masu ruwan sama da yawa, ba ta Sahel ba. A 2015 kuma masu bincike daga Nijar da Faransa suka wallafa sakamakon gwajin ɓeraye da suka kama a faɗin Yamai. Ba su sami ƙwayar a jikin kusun gida da ɓerayen tsakiyar gari ba, duk da yawansu. Sun same ta a gafiya da ɓeran ciyawa, waɗanda ke zaune cikin garake da gonakin ban-ruwa. Wannan ya nuna inda za a fara zuba ido: bakin kogi, kwarin Gunti Yena, da gonakin shinkafa. Sai dai ambaliya ba ta san iyakar garka ba. A Satumban 2020 ma'aunin kogi a Yamai ya kai wajen santimita 700, alhali jan layin gargaɗi 620 ne. Ruwa ya fasa madatsun bakin kogi, ya shiga Lamorde, Karaje da Kirkisoye, ya shanye gonakin shinkafar Saga. Ruwan da ya wanke ramukan gafiya shi ne ya kwana a tsakar gidajen mutane. Haka aka gani a 2012, aka kuma gani a daminar 2024.

Mataki na ɗaya: a rubuta ranar ruwa da sunayen waɗanda suka shiga

Ranar da ruwa ya shiga unguwa, da ranar da ya janye, a rubuta su a shafin farko na littafin da za a buɗe wa unguwar. Daga waɗannan ranaku biyu ake lissafin komai. Masassarar da ta zo kwana ɗaya bayan ambaliya da wuya ta zama wannan cuta. Wadda ta zo a kwana na goma ita ce abin tsaya wa.

Sai rele ya zauna da mai unguwa su fitar da sunayen waɗanda suka fi daɗewa cikin ruwa da laka: samarin da suka kwashe kaya da tsofaffi, masu cika buhunan yashi a bakin madatsa, masu yashe magudanan ruwa, masu garka, masu dasa shinkafa, masunta, masu wanki a bakin kogi, mahauta, matan da suka kwashe taɓo daga ɗakuna da hannu, da yaran da ke iyo a kududdufai. Gaban kowane suna a sa shekaru, da gida, da irin aikin, da ranar ƙarshe da ya shiga ruwa, da ko yana da rauni a ƙafa ko hannu. Iyalan da aka kwashe zuwa makarantu ko sansani a bi su da littafin, don can za su kwanta ciwo, kuma ma'aikacin lafiyar can bai san daga wace garka suka fito ba.

Mataki na biyu: zagayen gida-gida

Sau biyu a mako ya wadatar, amma a mako na biyu da na uku bayan ambaliya a riƙa zagawa bayan kowane kwana biyu. Da safe ko bayan la'asar aka fi samun mutane. Bayan gaisuwa, tambayar farko ita ce ko akwai mai masassara a gidan. In akwai, tambaya ta biyu ita ce ginshiƙin aikin duka, kuma ita aka fi mantawa:

"Baba, cikin watan nan kun shiga ruwan ambaliya, ko kun yi aiki cikin laka?"

In an ce a'a, kada a tsaya nan. Mutane ba sa lissafa ratsa ruwan lungu zuwa masallaci a matsayin shiga ruwa. A tambaya dalla-dalla: "Inna, wa ya kwashe taɓon ɗakin nan?" "Malam, da takalmi kuka je garka ko da silifa?" "Yaron nan yana bin abokansa wanka a tafki?"

Sannan a duba abubuwa huɗu. Na farko sharaɓa: a matsa naman bayan ƙwauri a hankali. Mai wannan cuta yakan zabura don zafi, wani ma tafiya takan gagare shi, kuma ciwon yakan haɗa da ƙugu. Palu yana sa ciwon jiki, amma ba kasafai yake tattaruwa a sharaɓa haka ba. Na biyu ido: a fito da shi haske, a ja fatar ƙasan ido. Idon yakan yi ja kamar gauta, duka biyun, ba kwantsa, ba ƙaiƙayi. Rashin kwantsar ne ya raba shi da ciwon ido na yau da kullum. Na uku shawara: farin ido ya koma rawaya, a wannan cuta ma yakan ja zuwa ruwan lemo saboda ja da rawaya sun haɗu. Na huɗu fitsari: sau nawa ya yi tun jiya, da yawa ko kaɗan, wane launi.

Ƙa'idar da rele zai riƙe ita ce: masassara ta farat ɗaya, da ciwon kai, da ciwon jijiyoyin jiki, ga wanda ya shiga ruwa ko laka ko ya taɓa fitsarin dabba cikin kwana 30, a tura shi CSI ranar, da ƴar takarda mai ɗauke da ranar da ya shiga ruwa. In kuwa akwai shawara, ko fitsari ya ragu, ko tari da jini, ko numfashi sama-sama, ko sanƙarewar wuya, ko ruɗewa, ko haɓo da jinin dasashi, ba a jiran gari ya waye.

Wani abu da ke yaudarar iyali: cutar takan zo hawa biyu. Masassara ta yi kwana huɗu zuwa bakwai, ta sauka kwana ɗaya zuwa uku, mutum ya tashi har ya koma garka, sai ta dawo da shawara da ciwon ƙoda. Saukar zafin jiki ba warkewa ba ne. Duk wanda aka rubuta, a koma masa a kwana na uku da na bakwai ko da an ce ya ji sauƙi.

Mataki na uku: a CSI

A yi gwajin palu na gaggawa kamar kullum. In bai nuna palu ba, ga kuma tarihin shiga ruwa, zargi ya yi ƙarfi. In ya nuna, nan ne tarkon yake. A ƙarshen damina mutane da yawa suna yawo da ƙwayar palu a jini, gwajin kuma yana iya ci gaba da nunawa makonni bayan an warke. Layi biyu a kan gwaji bai kore wata cuta ba. Wanda gwajinsa ya nuna palu, amma sharaɓarsa na ciwo, idonsa ya yi ja, a ba shi maganin duka biyun. Wanda aka ba maganin palu ya dawo bayan awa 48 zuwa 72 ba sauƙi, a sake yi masa tambayar ruwa kafin a ce maganin ne bai yi ba.

A tsoma takardar gwaji a fitsari. Furotin ko jini a ciki alama ce ƙoda ta fara taɓuwa. Inda akwai ɗakin gwaji a nemi kireyatinin mai nuna aikin ƙoda, da ƙwayoyin daskarar da jini, da bilirubin, sinadarin da ke kawo shawara. A wannan cuta bilirubin yakan hau sosai alhali sinadaran hanta sun ɗan ɗaga ne kawai, saɓanin ciwon hanta na bairus inda sukan yi tashin gwauron zabo.

Ba a jiran sakamakon tabbatarwa kafin a fara magani, don amfaninsa ya fi yawa a kwanaki biyar na farko. Ga mai sauƙi, babba: doksisiklin miligiram 100, safe da yamma, kwana 7. Mai ciki da yaron da bai kai shekara 8 ba a kauce musu doksisiklin, a ba su amoksisilin: babba miligiram 500 sau uku a rana, yaro wajen miligiram 50 a kowane kilo na nauyinsa a rana, a raba, kwana 7. Azitromisin miligiram 500 sau ɗaya a rana kwana 3 shi ma yana yi wa babba. Ga mai tsanani allura ce ta jijiya: seftiriyakson giram 1 zuwa 2 sau ɗaya a rana, ko penisilin G yunit miliyan 1.5 kowace awa shida, kwana 7. A yi masa ta farko a CSI sannan a ɗora shi a mota. Inda ma'aikatar lafiya ta fitar da nata tsari, shi za a bi.

A gaya wa mai shan doksisiklin ya sha bayan ya ci abinci, da cikakken kofin ruwa, kada ya kwanta nan take don yana ƙona maƙogwaro. Kada ya haɗa shi da fura da nono ko ƙwayar ƙarin jini, suna rage masa ƙarfi; a bar awa biyu tsakani. Ƴan awoyi bayan shan farko wasu sukan yi rawar ɗari, zafi ya ƙaru, awon jini ya ɗan sauka. Mutuwar ƙwayoyin cutar ce ke jawo haka, yakan lafa cikin yini. In ba a faɗa wa iyali tun farko ba, sai su ce maganin bai karɓe shi ba su ajiye.

Don zafin jiki parasetamol kawai, shi ma da taka-tsantsan in akwai shawara. Diklofenak, ibuprofen da aspirin, waɗanda masu tallan magani ke ba duk mai ciwon jiki, su ne mafi muni a nan: suna ƙarasa ƙodar da ta riga ta gaji, suna ƙara zubar jini. A tambayi kowane mara lafiya abin da ya sha kafin ya zo, a kuma ce ya nuna fakitin.

Fitsari shi ne ma'aunin da ba ya buƙatar na'ura. A yanke bakin gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi, a ja mata layi kashi uku, a ba mai jinya ya tara na awa 24. Babban da bai cika kashi ɗaya ba, wato ƙasa da rabin lita, ko ya yi awa 12 bai yi ba, a tura shi asibitin da ke da sashen ƙoda. A Yamai ana wankin ƙoda a babban asibitin Lamorde. Ƙodar da wannan cuta ta tsayar takan farfaɗo in an yi wankin da wuri. A lura kuma: a farkon ciwon wasu fitsarinsu yawa yake yi, jiki ya bushe, gishirin fotasiyom ya ragu. Waɗannan ruwa suke buƙata, ta baki ko ta jijiya. Amma wanda fitsarinsa ya riga ya tsaya, in aka yi ta ƙara masa ruwa leda bayan leda ba lissafi, ruwan zai taru a huhunsa. Mai tari da jini kuwa, ko ɗigo ne, a sa masa iskar oksijin in akwai, a tura shi nan take. Wannan nau'in yana kashe fiye da rabin waɗanda ya kama. Mai jinya ya zuba jabel a gorar kafin ya zubar a masai, ya wanke hannu da sabulu.

Mataki na huɗu: ɗibar jini da kai rahoto

Ranar ciwo ce ke zaɓar gwaji. A makon farko ƙwayar tana cikin jini, don haka jini a kwalba mai murfi ruwan hoda ko shunayya, don gwajin PCR mai neman ƙwayar kanta. Daga kwana na bakwai ta bar jini ta koma fitsari, jiki kuma ya fara fitar da garkuwa. A nan ruwan jini ake so don gwajin garkuwa, a kwalba mara sinadari, a kuma sake ɗiba bayan mako biyu don a kwatanta. Gwajin garkuwa da aka yi a kwana na uku bai nuna komai ba, ba ya wanke mutum. A ɗebi jinin kafin maganin farko in hakan ba zai jawo jinkiri ba. In zai jawo, magani ne gaba. A ajiye shi a sanyin digiri 2 zuwa 8, a rubuta ranar fara ciwo da ranar shiga ruwa a jikin takarda. Jinin da ya iso ba waɗannan ranaku, mai gwaji bai san me zai nema ba. Ofishin lafiya na gunduma, wato distirik, shi ne ke tsara inda za a kai. Manyan ɗakunan gwaji irin na CERMES a Yamai suke.

Masassara da shawara tun da ma abin kai rahoto ne nan take, saboda masassarar shawara da sauro ke kawowa. A bi wannan hanyar, a ƙara rubuta cewa ana zargin leptosipiroz, don kada a tsaya da zarar gwajin farko bai nuna komai ba. Akwai wasu da ke kama da ita: ciwon hanta nau'in E, wanda ya ɓarke a Difa a 2017, da zazzaɓin Rift da ya taɓa makiyayan jihar Tawa a 2016, da taifot, da dengi.

Majo, wato shugaban CSI, ya kira distirik ranar da ya ga ɗaya daga cikin waɗannan: mutum ɗaya mai tsanani, ko mutum biyu daga garka ɗaya ko gida ɗaya cikin mako biyu, ko mutuwar wanda ya yi masassara bayan aikin ruwa, ko da a gida ya rasu. Kowace Litinin kuma ya ƙidaya masu masassarar da gwajin palu bai nuna musu komai ba, ya kwatanta da makonni huɗu na baya, unguwa-unguwa. In lambar wata unguwa ta yi tsalle, ita za a fara zuwa.

Mataki na biyar: kare masu aiki cikin ruwa

Cewa mai garka kada ya shiga ruwa magana ce da ba za ta yi aiki ba, abincinsa yana can. Abin da zai yiwu: takalmin roba mai kai wa gwiwa, da safar hannu mai kauri. Takalmin da ruwa ya zuba cikinsa ya yini a ƙafa ya fi rashinsa illa, don fata jiƙa take ta buɗe. A cire, a zubar, a wanke ƙafa, a shanya shi a kife. Kafin shiga a wanke duk wani rauni, a rufe da filasta mara shan ruwa, faso a cika shi da man baselin. Mai babban rauni a ba shi aikin tudu har ya warke. Bayan fita, wanka da sabulu da ruwa mai tsabta, ba da ruwan kogin ba. Alwala da ruwan garka tana kai shi baki da hanci da ido, ƙofofi uku a lokaci guda, saboda haka a tafi da buta cike daga gida.

Akwai rigakafin ƙwaya: doksisiklin miligiram 200 sau ɗaya a mako, ga babban da dole ya yi aiki cikin ruwan na ɗan lokaci, kamar ƴan kwana-kwana da masu gyaran madatsa da masu yashe magudana. Kariyarsa ba cikakkiya ba ce, kuma ba abin rabawa unguwa duka ba ne. Ma'aikacin lafiya ne zai ba da shi da suna da rana, ban da masu ciki da ƙananan yara.

Mataki na shida: gida, ruwan sha da rijiya

Gidan laka da ruwa ya kwana a gindinsa, magini ya duba bango kafin kowa ya shiga. Sannan a bi tsari: a kwashe taɓo da shebur, a wanke da ruwa da omo, sai a ƙarshe a zuba jabel. Masu zuba jabel kan taɓo asarar kuɗi suke yi, datti ne ke shanye ƙarfinsa.

Haɗin daɓe da bango shi ne kashi 0.2 cikin ɗari. A duba jikin kwalba. In an rubuta 2.6%, awo ɗaya na jabel ne da awo 12 na ruwa. In an rubuta digiri 12, wato wajen 3.6%, awo ɗaya da awo 17. In garin kulorin ne da ake kira HTH, babban cokali biyu, wajen giram 30, a lita 10. A bar shi minti 10 a kan daɓe kafin a goge. A haɗa a bokitin roba, sabo kowace rana, kada a gauraya shi da girezil ko ruwan wanke masai, hayaƙin yana shaƙe mutum. Jabel ɗin da ya daɗe a rana a kan tebur ya riga ya rasa ƙarfinsa. Tabarmi da katifu da tufafi a wanke a baza a rana har su bushe ƙayau. Hatsi ko garin da ruwan ya taɓa a zubar, kada a ba dabbobi.

Ruwan sha: ƙwayar Aquatabs mai miligiram 67 ɗaya a lita 20 na ruwa garau, a jira minti 30. A auna bidon tukuna, da yawa daga cikin na ƴan garuwa lita 25 ne. Ruwa mai gurɓi a bar shi ya kwanta, a tace da ƙyalle, a sa ƙwaya biyu. Ko a yi amfani da garin PUR, ƙunshi ɗaya a lita 10, a motsa minti 5, a bar shi minti 5, a tace, a jira minti 20. In babu ko ɗaya, a tafasa ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. Randa da tulu a rufe su da murfi mai nauyi, don ɓera yana hawa da dare. Salati da kabeji daga garkar da ruwa ya ci a wanke su da ruwan da aka gyara.

Rijiyar da ambaliya ta shiga a rufe ta har a gyara. A kwashe ruwan a hankali, don in aka zuƙe shi da inji lokaci ɗaya alhali ƙasar kewaye tana cike da ruwa, bango yana iya ruftawa. A fitar da laka da mushe, a goge bango, a bar ta ta cika. A lissafa ruwan: rijiya mai faɗin mita 1.4, kowace mita ta zurfin ruwa wajen lita 1,540 ce. A sa giram 100 na HTH ga kowace lita 1,000. Zurfin mita 3 ke nan zai ci wajen giram 460. A narka a bokiti, a zuba, a motsa da guga, a bar ta awa 12, sannan a yi ta ja ana zubarwa har warin ya ragu. Ko bayan wannan a ci gaba da sa ƙwaya a gida, don ruwan ƙarƙashin ƙasa na iya ɗaukar makonni kafin ya gyaru. Bakin rijiyar a ɗaga shi, a yi mata murfi.

Mataki na bakwai: ɓeraye da dabbobi

Ambaliya tana koro ɓeraye daga ramukansu zuwa tudu, inda mutane su ma suka gudu. A fara da yanke musu abinci, tarko ya biyo baya. In aka juya tsarin, waɗanda aka kashe wasu ne za su maye gurbinsu. Hatsi a tuka ko ganga mai murfi, buhuna a kan katako sama da ƙasa da wajen santimita 30, nesa da bango. Ragowar tuwo da kwanuka kada su kwana a buɗe. Shara a kwashe kullum, musamman a makarantun da aka sauke mutane. Ramin da biro zai shiga kusu ma zai shiga, a toshe da siminti ko ragar waya.

Tarko a jera shi jikin bango, da ƙuli-ƙuli ko gyaɗa. A bar shi dare biyu ko uku ba a ɗana ba, don ɓera yana tsoron sabon abu, sai ya saba sannan a ɗana duka a dare ɗaya. Garin guba da ake sayarwa a ƙulle ba suna, a bar shi a kasuwa: a wurin da yara da kaji ke cakuɗe a ɗaki ɗaya ya fi kashe abin da ba a nufa ba. Mushen ɓera a yayyafa masa jabel, a ɗauka da shebur ko hannu cikin leda, a binne zurfin rabin mita nesa da rijiya.

Sai gafiya. Samari da yara suna tona raminta suna yi mata hayaƙi, wasu suna ci. Naman da ya dahu ba ya ɗauke da cutar, haɗarin yana wajen kamawa da feɗewa, lokacin da mafitsara ta fashe a hannu mai rauni. A wata biyun da ke bayan ambaliya a hana yara farautarta a garake.

Ragon da ke ɗaure a tsakar gida a matsar da turkensa daga inda ake girki da inda ruwa ke kwanciya, a yi wa fitsarin hanya zuwa rami. Saniyar da ta yi ɓari, ko nononta ya ragu farat ɗaya ya fito da kauri ko alamar jini, ko maraƙin da ke fitsari ja, a sanar da ma'aikatan kiwo. Ɗakin gwajin dabbobi na ƙasa, LABOCEL, a Yamai yake. Ɗan tayin da mahaifar ba a taɓa su da hannu tsirara, a binne su da zurfi. Nono a tafasa. Majo da jami'in kiwo su riƙa musayar labari kowane mako, don wani lokaci ɓarin dabbobi yana riga kwanciyar mutane.

Yaushe ake rufe littafi

Kwana 30 ake ƙirgawa, amma daga ranar da aka gama kwashe laka, ba daga ranar da ruwa ya janye ba. A aikace wannan yakan kai mako shida zuwa takwas. In an sami sabon mai ciwo a ciki, a sake ƙirga daga ranar da shi ya shiga ruwa. Littafin unguwannin tudu a iya rufe shi bayan haka, a miƙa kwafi ga distirik. Na bakin kogi a bar shi a buɗe: kogin yana sake cika daga Disamba zuwa Fabrairu da ruwan da ya taso daga Gini, lokacin kuma aikin garka ya kankama, ana ban-ruwa safe da yamma. Palu ya ja baya a watannin nan, saboda haka duk mai garka ko manomin shinkafar da ya zo da masassara, gwaji bai nuna palu ba, a matsa sharaɓarsa, a duba idonsa, a tambayi fitsarinsa kafin a sallame shi.